Sunan Inna Bai Fito Ba

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ruwan Fatakwal? Da fatan ƙafar taki ta yi sauƙi. Mu nan Madadi lafiya lau.

Littafin Nasiru ɗan Kawu ya fito. Damina biyu Inna tana dogara sanda tana raka shi daji, tana nuna masa laimar kwaɗi: wadda ake ci, wadda ke kisa, wadda ke tsirowa a jikin suri. Shi kuma yana ɗaukar hoto, yana busarwa, yana rubuta sunayen da ta faɗa. A gabana ya ce, "Inna, sunanki ne zai fara fitowa."

Yaya, shafi-shafi na duba. Ya gode wa malamansa, har da direbansa. Ita kuwa "wata tsohuwa a ƙauye" ya kira ta.

Jiya ta rungume littafin, ta ce in ɗora yatsanta a kan sunanta. Na ce mata ban kai wurin ba tukuna.

Ki gaida maigidan. Ki sa ni a addu'a, don na san gobe za ta sake tambaya.

Ƙanwarki,
Rabi