Kacar Keken da Na Ɓoye

Daren Talata, Matameye

Hadiza! Kin ga, a rubuce kaɗai nake iya kiran sunanki, tunda ke ce 'yar fari.

Hoton da kika turo mini daga Yamai ya tsaya mini a rai. Tsohon hoto ne sosai, wata Baturiya da riga har ƙasa ta jingina kekenta da ginshiƙin dutse, wai a kangon ɗakin bautar mutanen Girka. Kika rubuta, "Inna, ita ba wanda ya hana ta."

Na gane. Ranar da kika hau keken babanki kika je Dungu kika dawo, sharkaf da gumi, kina dariya, ni na sa aka cire kacar keken, na ɓoye ƙarƙashin gado. Don kawai maƙwabciyarmu Hajiya Laure ta ce, "Mace a kan keke? Za a yi da ku a gari!" Shekara uku kina zuwa makarantar lakwal da ƙafa, ba ki sake roƙona ba.

Ɗazu na jawo kacar, duk tsatsa, na jiƙa ta da man gyaɗa. In 'yarki ta zo hutu, ita za ta hau. Ki yafe mini.

Ana buga ƙofa. Hajiya Laure ce, na ji tarinta. Kacar tana kan tabarma, kuma wallahi ba zan ɗauke ba.