Kunun da Kake Dama Mini

Dutsin-Ma, Laraba

Gogo Talatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ina gajiya, ina mutanen Kurfi, ya shuka?

Gogo, ƙullin ciwon nonon nan ya dawo, a hammata wannan karon. Ƙwayar da aka ba ki bayan aikin nono ita aka ba ni, kuma ban taɓa tsallake rana ba. Ke kin warke har kina cin kasuwa, ni ga ni. Dangin mijina suna cewa sakaci ne, wai littattafan soyayya sun ɗauke mini hankali ina mantawa da magani. Shi Zubair bai tanka ba. Amma mutumin kirki ne, Gogo. Kowace safiya da hannunsa yake dama mini kunun tsamiya, ya tsaya har in shanye. Ko a littafi ban taɓa cin karo da irinsa ba.

Jibi za mu ga likita a Katsina. Ki sa ni a addu'a.

Ɗiyarki,
Lubna

Kurfi, Lahadi

Zubair,

Bayan sallama, ina fatan kana lafiya, da su Hajiya mahaifiyarka. Ina gidan Gogo, kuma tana kula da ni.

Na rubuto ne don a mota na kasa buɗe baki. Ka ji abin da likita ta ce: ƙwayar ba ta aiki sai hanta ta sarrafa ta, kuma kowa da irin hantar da ya gada. Ta Gogo mai sauri ce, tawa kuwa mai nawar aiki ce. Sannan akwai magungunan da ke ƙara danne ɗan aikin da take yi. Da ta tambayi me kuma nake sha, na rantse babu komai. Sai kai ka sunkuyar da kai, ka faɗi sunan ƙwayar damuwa da kake sayowa a kemis kana murƙushewa cikin kununa, wai don in daina kuka.

Likita ta ce ƙwayar taka tana cikin masu danne aikin hantar, amma ba mai iya rantsuwa ita ta dawo da ciwon. Na yarda. Na kuma yarda ba cutar da ni ka yi nufi ba. Amma kukan nawa ne, Zubair, an yanke mini nono. Da ka tambaye ni. Kuma ranar da Hajiya ta ce ni nake wasa da raina, kana zaune kusa da ita kana jin komai.

Ba ƙawar da ban ba labarin kunun nan ba.

An canza mini magani, ranar Alhamis zan fara. Gogo ce za ta raka ni. Ka faɗa wa Hajiya gaskiya da bakinka, sannan mu yi maganar dawowata. Kafin nan ka aiko mini da littattafaina. Kada ka haɗo da komai na ci ko sha.

Ka huta lafiya.

Matarka,
Lubna