Likkafanina Yana Cikin Adudu

Zuwa ga ƙanena Umaru a Ikko,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, yaya aiki, yaya Hauwa da yara? Mu nan Argungu lafiya, sai kumburin ƙafar nan tawa.

Na ji saƙonka, wai za ka turo mota a kai ni babban asibiti. Umaru, ba inda za ni. Ka tuna aminiyata Hajo? Watan jiya 'ya'yanta suka ɗora ta a lori zuwa Sakkwato, tana kuka tana roƙon a bar ta. Can ta cika. Baƙi suka wanke ta, mu sai labari muka ji bayan an rufe ta.

Washegari na kira liman da maƙwabta biyu, na faɗa a gabansu. Allura a Birnin Kebbi na yarda, in je in dawo. Amma in ciwo ya kayar da ni, a ɗakina 'yata Ladi za ta yi jinyata, ita za ta wanke ni. Zaren da na kaɗa da hannuna an saƙa, likkafanina yana cikin adudu.

Kullum kana rubuto mana cewa ƙasa ta sami mulkin kai. To, ni ma bayan Allah, ni ke da iko da jikina.

Ka sa ni a addu'a, ka gaida Hauwa. Kada ka turo mota. Ka zo da kanka tun ina gane ka.

Yayarka,
Asabe