Hannun Yulisa ne ya tona mu

Buenaventura,
11 ga Disamba.

Zuwa ga Yayata Hermencia, a Antofagasta.

Gaisuwa mai tarin yawa, tare da addu'ar takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Arcadio da yara. Yaya ƙafar nan taki? Ina fata kin rage tsayuwar wuni guda a shagon gyaran gashi, ko da yake na san halinki, sai dai a ɗaure ki a kujera. Allah ya ƙara sauƙi, ya tsare ku a ƙasar mutane. Mu nan lafiya lau. Ruwa yana ta zuba yadda kika bar shi. Maigidana Wilfrido yana fama da aikinsa a tashar jiragen ruwa, tumbi sai ƙaruwa yake yi, wai iskar teku ce. Rumfar abincina tana tafiya daidai gwargwado. Mama kuma tana can bakin kogi, shekara saba'in da huɗu, amma har yau ita ke tuƙa kwalekwalenta da kanta.

Na san kin ƙagu ki ji labarin 'yata Yulisa, na kuma san kin ji haushi da kika yi ta kira ina cewa sai na rubuto. Maganar ba ta waya ba ce, Yaya, don a waya za ki katse ni ki fara faɗa tun ban kai rabi ba. Ki zauna ki karanta a jere, kuma don Allah kada ki leƙa ƙasa, na san ki.

Kin dai ji makin da 'yarki ta ci a jarrabawar ƙasa, wanda ya sa shugaban makarantarsu ya tako har rumfata ya yi min barka, ya share farantin kifi biyu don murna. Jami'ar da ta nema a birnin Cali ta kira ta intabiyu. Yara sittin aka kira, goma sha biyu za a ɗauka a gurbin karatun likita kyauta da aka ware wa 'yan gaɓar teku, kuma sau ɗaya tak ake ba mutum wannan damar. Ni ban taɓa shakkar ƙwaƙwalwar yarinyar nan ba ko na minti ɗaya. In karatu ne, a kawo duk 'ya'yan masu kuɗin Cali a jera, za ta wuce su tana hamma. Abin da ya tsaya min a rai shi ne fom ɗin da aka ce a cike kafin a je.

Tambaya biyu ce a ciki. Ta farko, wa ya rene ki kuma mene ne aikinsa. Ta biyu, kin taɓa sa hannu a wani aiki da ya shafi lafiyar mutane. Yulisa ta ɗauki biro za ta rubuta gaskiya, cewa kakarta Teodosia, wato Mama, ita ce ta riƙe ta daga shekara huɗu zuwa sha uku, ungozoma ce, kuma har yanzu duk hutu tana bin ta gidajen masu ciki. Sai na riƙe biron. Na ce mata mutanen nan masu fararen riguna, da sun ji kalmar ungozoma abin da suke gani shi ne tsohuwa da kwalbar saiwoyi da reza mai tsatsa, za su yi miki murmushi su ce za a neme ki, shi ke nan an gama. Ta ce haba Mama, ai Kaka ta fi wasu nas-nas ɗin tsafta. Na ce ki rubuta manomiya, ai tana da gonar ayaba, ba ƙarya aka yi ba, a ta biyun kuma ki rubuta a'a. Ta nuna min layin ƙarshe da yatsa, inda aka ce duk wanda aka samu ya rubuta abin da ba haka yake ba an cire shi. Na ce wane ne zai shiga jirgin ruwa awa huɗu ya je ya bincika? Ta dube ni ta daɗe, sannan ta rubuta abin da na ce, ta sa hannu.

Sati biyu muka yi muna gwaji a tsakar gida bayan na tashi daga rumfa. Wilfrido ya ɗora tabarau a kan hanci, ya harɗe ƙafa, wai shi farfesa. Ya tambaye ta me ya sa take son zama likita, ta ce don ta gano abin da ke cikin tumbinsa, ko tagwaye ne. Ya ce in ta yi wannan bakin a Cali sai dai ta dawo ta taya uwarta suya. Ni kuma ina gefe ina gyara mata zama da magana, ta daina ɗaga murya kamar tana kiran wani a ƙetaren kogi, ta haɗa ido da mai tambaya, kuma ko da wasa kada ta ambaci kogi.

Ranar Alhamis muka shiga motar farko. Awa uku a kan duwatsun nan, ni ko runtsawa ban yi ba, ita kuwa barcinta take yi. Da aka shiga da su, mu iyaye aka bar mu a inuwar bishiya. Wata mata mai ƙamshin turare ta shaida min mijinta likita ne, surukinta ma likita ne, ta tambaye ni a gidanmu fa. Na ce mata a gidanmu yau za a fara. Allah na gani, da bakina na faɗi haka, ko ɗar ban ji ba.

Abin da ya faru a ciki sai a motar dawowa ta faɗa min. Ɗaki uku aka bi da su. Biyun farko tambayoyi ne, ta ce kamar shan ruwa. A na uku sai ta tarar da wata mata zaune da matashin kai a ƙarƙashin riga, wai mai ciki ce wata takwas daga ƙauyen kogi, ƙafafunta sun kumbura, ta ƙi yarda a kwantar da ita a asibiti. Aikin Yulisa shi ne ta shawo kanta da baki kawai. A gefe guda wata tsohuwar likita mai furfura tana zaune tana rubutu. Yulisa ta fara da abin da muka haddace, hawan jini, haɗari ga uwa da ɗa. Matar ta juya fuska ta kalli bango, lokaci kuma yana tafiya.

To daga nan ne 'yarki ta manta da ni da duk gargaɗina. Ta bar kujerar da aka ba ta, ta durƙusa a gaban matar, ta tambaye ta wa ta bar wa yara a gida. Sannan ta rage murya ta ce ko tsoronta shi ne a jefar da cibiyar jaririn a shara, a hana ta kai ta gida ta binne a ƙarƙashin sabon dashen kwakwa yadda aka yi wa kowannenmu. Ta yi mata alkawarin ita da kanta za ta karɓo, ta naɗe a ƙyalle ta damƙa mata. Duk wannan maganar da take yi, ashe tana ta murza tafin hannunta tana hura musu iska don su yi ɗumi, ba ta ma sani ba. Sai ta miƙa hannu wajen cikin ta ce, baƙo, da izininka, sak yadda Mama take yi kafin ta taɓa kowane ciki. Matashin kai fa, Yaya! Ta ce sai da ta ga matar ta zuba mata ido sannan ta tuna inda take, ta janye hannun.

Tsohuwar likitar ta ajiye biro. Ta ɗaga fom ɗin ta ce a nan an rubuta a'a, hannunki kuma ya faɗi wani abu dabam, wanne zan yarda da shi? Yulisa ta ce hannun. Ta kwashe komai ta faɗa, Mama da aikinta da shekarun da ta yi tana bin ta. Likitar ta tambaye ta wa ya sa ta rubuta haka. Ta ce ita ta rubuta, ita ta sa hannu. Aka sake tambaya, ta maimaita. Aka ce ta karanta layin ƙarshe, ta ce ta karanta. Aka ce tana iya tafiya. Ta ba ni labarin nan a hankali, ba kuka ba faɗa. Yarinya ta yi shekara goma sha biyu tana karatu, ni na zo da wayona na rana ɗaya zan zubar mata da shi.

Kin san ba na iya zama. Ranar Litinin na rufe rumfa, na sa rigar zuwa coci, na koma Cali ni kaɗai. Sakatare ya ce ba a ganin iyaye. Na ce to, na je na tsaya inda malamai ke ajiye motoci har ƙarfe biyu. Da na hango furfurar nan na tare ta. 'Yar ƙaramar mace ce, ko kafaɗata ba ta kai ba. Na ce ni ce uwar Yulisa Riascos, ni na riƙe biron, in hukunci ne a yi min. Ta ce baiwar Allah, ai tun a ɗakin ta gane, amma ba ni aka kira intabiyu ba, kuma ba ita kaɗai ke yanke hukunci ba, a cikinsu akwai masu cewa doka doka ce. Har ta buɗe mota sai ta juyo ta tambaye ni haihuwa nawa mahaifiyar tawa ta karɓa. Na ce ban sani ba. Ta kalle ni kawai, ta shiga motarta.

Abin mamaki, na dawo gida da ƙarfin gwiwa. Na ce wa Wilfrido wadda ta tsaya tana wannan tambayar ba za ta bari hannun nan ya koma gida ba. Ya ce in haka ne me ya sa na ƙona shinkafar kwakwa kwana biyu a jere. Ranar Juma'a saƙo ya shigo. Sunanta na tara a cikin goma sha biyu! Na yi ihun da sai da masu sayen abinci suka miƙe tsaye. Amma da sharaɗi: ta sake cike fom da gaskiya, ta kuma kawo takardar shaida daga wadda ta koya a hannunta, da sa hannunta, kafin ƙarshen wata, in ba haka ba a ba na bayanta. Ma'ana dole Mama ta san dalili. Yulisa ta ce ita kaɗai za ta je ta san abin da za ta faɗa. Na ce a'a, ta ɗaukar min laifi sau ɗaya, ya isa.

Mun tarar da Mama a barandar gidanta da hantsi tana kankare kwakwa. Na zauna na faɗa mata komai ban rage ba. Ta tambaye ni me aka rubuta a wajen aikinta a fom na farko. Na ce manomiya. Ta ci gaba da kankararta. Can ta sa Yulisa ta karanta mata takardar shaidar da muka rubuto sau biyu, ta ce a gyara, ba shekara arba'in da biyar ba ce, hamsin da ɗaya ce, haihuwa kuma ɗari shida da goma sha huɗu. Ta dangwala yatsa a tawada ta danna da ƙarfi. Ta dubi Yulisa ta ce, ƙawata, ashe har matashin kai kike gaisarwa, to ya amsa? Suka yi ta dariyarsu, har na fara sakin jiki.

Da Yulisa ta sauka bakin ruwa, sai Mama ta ce min ko na tuna ranar da muka kawo 'yar gidan Petrona asibitin gari tana naƙuda, aka karɓe ta aka hana Mama shiga, aka ce bokaye a waje suke tsayawa, ni kuma ina 'yar shekara goma sha biyu na yi ta kuka har muka isa gida. Ke ranar kina gona, ba ki gani ba. Ta ce shekara talatin da uku tana riƙe da kukan nan. Duk ranar da aikin ya yi mata nauyi sai ta tuna tana da 'yar da ta yi kuka don an wulaƙanta uwarta. Ta ce, Eufemia, ashe ban fahimci kukan ba. Gaskiya ta faɗa, Yaya, kukan jin kunyarta na yi. Ranar nan mutane na kallonmu, ƙafarta ba takalmi, ni kuma so nake ƙasa ta tsage in shige.

An karɓi takardar. Yulisa za ta fara karatu ƙarshen Janairu, kuma ba ni da ko ɗigon shakka za ta fito likitar da za a yi alfahari da ita. Ni kuma ranar Asabar zan rufe rumfa in koma kogi in yi sati guda. Ban san me zan ce ba tukuna, amma ba zan dawo ba sai na faɗa. Ki kira Mama ki yi mata barka, ita ya kamata a yi wa, amma kada ki roƙar min, wannan nawa ne.

Ki gaishe min da Arcadio, da Deiner da amaryarsa, da autarki Mileidi, ki ce mata ta dage da karatu. Wilfrido yana gaishe ku. Yulisa ta ce ki fara tanadin ƙafar, ita ce mara lafiyarta ta farko. Mama ma ta ce in gaishe ki da kyau. Da za mu taho ta rungume Yulisa, ni kuma ta miƙo min hannu, kuma gaisuwar nan taki ita ce kaɗai maganar da ta ƙara yi min kafin jirgi ya tashi.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki,
Eufemia.