Giyar Gayya Ta Daskare

Zuwa ga 'yata Moliehi, a Welkom,

Ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yarsa, tare da roƙon Ubangiji Ya sa wannan takarda ta same ki da maigidanki da yara cikin ƙoshin lafiya. Ni ma lafiya nake, in ban da gwiwar nan da ke tuna mini shekaruna duk safiya. Sanyin bana ya sauko mana daga duwatsun Mokhotlong da wuri, amma tumaki ba su yi asara ba, baffanki Lebajoa kuma ya tashi daga tarin da ya kwantar da shi.

Kin san matsayar da muka cimma bayan rasuwar mahaifiyarki, ke da ƙanenki Tankiso da ni: idan na iya shigo da masarar bana rumbu, za ku bar ni a gidana, idan na kasa, zan tattara in koma wurinki a birni. Masara ta yi kyau, ta bushe a tsaye. Sai dai sarkin ƙauye ya sanar cewa ƙarshen watan nan za a saki shanu cikin gonaki, wanda bai girbe ba ya yi kuka da kansa. Saboda haka na kira gayya, kuma kin san a nan ba a kiran gayya babu giyar dawa.

Maƙwabciyarmu Matumelo ta ce in bar mata aikin giyar, na ƙi. Na ce mata na shekara arba'in ina kallon matata tana yi, babu abin da ya ɓuya mini. Ta ce to, ita ma ta shekara arba'in tana kallon masu sukuwa a kan doki, amma ba ta taɓa hawa ba. Ban saurare ta ba. Na jiƙa garin dawa, na dafa a tsakar gida, na bari ya huce, na zuba tsiron dawa, na juye a babbar randar mahaifiyarki. Na ajiye ta a ɗakin girki, a daidai gurbin da take ajiye ta, bayan ƙofa, na lulluɓe da tsohon bargonta kamar yadda take yi. Ta sha faɗa mini cewa giya ba ta son leƙe, don haka na ja ƙofa ban sake komawa ba. Gaskiyar magana, ɗakin nan ba na son shigarsa. Tun da ta tafi, a ɗakin kwanana nake dafa ɗan abin da zan ci, a kan risho.

Da safiyar gayya Matumelo ta zo taya ni tacewa, mutane kuma sun fara taruwa da buhunansu. Ta yaye bargo, ta tura ludayi, sai muka ji ƙwas. Giya ba ta tashi ba ko kaɗan. Ta daskare, randar kuma ta tsage daga wuya har gindi, ƙanƙarar ce kawai ke riƙe da ita. Dattijo Khoabane, abokina tun muna kiwo, ya leƙo ya ce wai ya sha giya a gidan nan tun yana da haƙora, sai yau da suka zube ake ce masa ya tauna. Ya ce a miƙo masa gatari ya sari rabonsa ya kai wa matarsa a aljihu. Aka yi dariya, ni ma na yi, don dattijo ba ya ɓata fuska a gaban baƙinsa. Matumelo ba ta yi dariya ba. Ta dubi murhu, ta taɓa tokar da ta yi sanyi tun bara, ta tambaye ni a hankali yaushe rabon da a hura wuta a nan. Sai a lokacin na gane. Ni na ɗauka gurbin bayan ƙofa ne mai ɗumi. Ashe wutar da mahaifiyarki ke hurawa tun asuba, da tukunyarta, da zamanta a ɗakin, su ne ɗumin.

Mutane sun ci tuwon masara da ganye, sun yi aiki zuwa hantsi don girman marigayiya, sannan suka zame ɗaya bayan ɗaya. Ban ga laifinsu ba. Fiye da rabin gonar na nan tsaye, ni kuma in na karya masarar kunya biyu sai gwiwa ta zaunar da ni.

Matumelo ta ara mini randarta, ta kuma yarda ta haɗa mini wata giyar, amma tana da jikoki a hannu, ba za ta tsare mini wuta ba. Khoabane ya ce zai sake tara mutane, muddin wannan karon abin sha ne ba na tauna ba. Na riga na hura murhun. Ina zama a gabansa da rana ina tura masa busasshen kashin shanu, makamashinmu na nan, amma ba zan iya zaman ɗakin da kewaya gari kiran jama'a lokaci guda ba, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka nake roƙon haɗin kan kowa da kowa. Ina roƙon surukina Motlatsi ya ba ki izini ki zo kafin a saki shanu, ki riƙe mini ɗakin girkin na 'yan kwanaki. Ina roƙon Tankiso ya dakata da maganar motar kwashe kayana har a ga ƙarshen wata. Ke kuma ina roƙonki kada ki yanke mini hukunci da randa ɗaya. Idan bayan haka shanu suka riga mu, zan cika alkawari ba tare da gardama ba.

Ki gaishe da Motlatsi, da jikokina Refiloe da Kananelo. Baffanki Lebajoa da Matumelo suna gaishe ki. Ki taho da bargo mai kauri.

Ni ne mahaifinki,
Ramosoeu Letsatsi