Shagon Aron Labari

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da jikokinki masu cinye miki tukunya, da gwiwar nan taki mai riga rediyo sanar da zuwan ruwa.

Tun da 'yarki Likita ta ɗauko ni zuwa ƙasar nan nake zaune a taga kamar tulun fure. Ita tana asibiti, mijinta yana wurin aiki, maƙwabta kuma harshensu ko gaisuwa ban gama kamawa ba. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da Turanci, yau ga shi ba ya magana sai da butar shayi.

To, na buɗe shago. Kada ki yi dariya. A ƙasan benenmu akwai tsohon shagon gyaran takalma, har yanzu yana warin fata da gam. Na sa tebura da kujeru, na rataye allo a ƙofa: duk mai son wasa bakinsa da Turanci ya shigo bayan la'asar, a sha shayi, a yi hira. Mutanen nan sun karanta shi a makaranta, yana nan ninke a cikinsu kamar rigar ƙasan akwati.

Sun zo kuwa. Akwai direban bas, da wata ma'aikaciyar jinya, da wanzami, da wata tsohuwa mai sayar da furanni. Sai dai in na ce mutum ya ba ni labarin kansa, sai ya zuba wa kofinsa ido kamar an ce ya tuɓe a kasuwa. Sai na yi dabara. Na ce, to, wanda yake jin kunyar nasa ga nawa aro. In ba da ɗan labari daga rayuwata, kowa ya juya ga na kusa da shi ya maimaita, amma da bakin mai abu: ni ne na je, ni ne na gani. Auta, sai ga bakuna sun buɗe. Na fara musu da labarin karen maƙwabcinmu.

Ki gaida kowa da kowa.
Yayanki.

*

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Gwiwata tana amsawa, ta ce ka kula da naka bayan. Wato ka tsallake ƙasashe don ka sami sabbin kunnuwa, namu sun huje. Allah ya sa albarka. Labarin karen kuwa ina fata ka faɗa musu gaskiya, cewa kai ka fara jifansa, kuma ka yi kuka har da majina. Allah ya bar zumunci.

Taka, Auta.

*

Auta,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Shago ya karɓu, har na ƙaro kujeru.

Amma wane kare kike nufi? Na karanta takardarki na sake karantawa. Na san akwai direban bas a nan da yake ba da labarin wani kare da ya cije shi yana yaro, kuma ya iya ba da shi ƙwarai. Shekaranjiya ya ce karen ja ne, kunnensa ɗaya a yanke, kuma ranar an yi yayyafi, ƙasa tana ƙamshi. Yana faɗi yana shafa ƙaurinsa na hagu. Da na koma sama zan yi alwala, na ga tabo a ƙaurina na hagu, tabon haƙora. Na zauna a bakin baho ina kallonsa kamar na wani. Wanzami ya ce ai ni na ba su labarin. Na ce to, in haka ne direba ya fi ni riƙon amana.

Wataƙila tsufa ne. Ba na jin ciwon komai, barci ma nake yi kamar jariri. Makon nan sun roƙi labarin aure, zan ba su na matata, marigayiya Maman Likita.

Ki huta lafiya.
Yayanki.

*

Yaya,

Bayan gaisuwa. Ban ji daɗin takardarka ba, kuma ba zan ɓoye maka ba. Karen ja ne. Kunnensa na dama a yanke, Baba ne ya ce alamar ɓarawon kare ce. An yi yayyafi, don na tuna taɓon da ke rigata sa'ad da na ja ka zuwa gida. Kai kuwa duk shekarun nan da kake ba da labarin, baƙin kare kake cewa, don ya fi ban tsoro, ni kuma ina ƙyale ka. To, wa ya gaya wa direban nan ja ne?

Ruwa ba ya tsami banza. Ka koya musu sayen tumatir da tambayar hanya, kamar yadda malamai masu hankali suke yi. Ka bar baiwar Allah nan ta huta a kabarinta.

Auta.

*

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum Gwaggo, ina yini, ya jiki, ya yara? Ki yi haƙuri da rubutun likita.

Baba bai san na rubuto ba. Na kai shi wurin abokan aikina, an yi hoton ƙwaƙwalwa, an yi masa duk tambayoyin da ake yi. Ƙalau yake. Ya san rana, ya san wata, har ya gyara wa mai gwajin Turancinsa.

Ran Talata na taso da wuri na biya shagon. Rana tana shigowa ta gilashin ƙofa, kowa da kofinsa. Wata ma'aikaciyar jinya, yarinya ce da ba ta kai ni ba, tana ba na kusa da ita labarin ranar da "matata" ta rasu. Gwaggo, ta faɗi cewa Mama ta ce a buɗe taga, ta kuma ce a cire mata awarwaronta don yana mata nauyi. Ni da Baba kaɗai ne a ɗakin ranar. Tana faɗi hawaye yana zuba, Turancinta tas, ba gargada. Baba yana tsaye da buta a hannu, yana gyaɗa kai irin na malamin da ɗalibinsa ya ci jarrabawa. Da ta gama ya ce mata, "Allah ya ji ƙanta. Kin daɗe da ita?"

Da zan fita, wanzamin ya riƙe mini ƙofa, ya dube ni da irin kallon da Baba yake mini in na rame, ya ce ba na cin abinci.

Na ce a rufe shagon, ya ƙi. Ke kaɗai yake jin maganarki. Don Allah ki yi masa faɗa.

'Yarki.

*

Yaya,

Ba doguwar gaisuwa yau. Likita ta gaya mini komai, kuma kada ka kuskura ka yi mata faɗa.

Ka saurare ni. Baba ya tafi, Inna ta tafi, duk waɗanda ke tsakanina da kai mun binne su. A duniyar nan kai kaɗai ka rage da ka san ni tun ina rarrafe. Jikokina sun ɗauka da furfura aka haife ni. In ka zuba ni a kofin baƙi, wa zan ce wa "ka tuna?" ya amsa?

Ka rabar da kare, ka rabar da matarka. Ni ban yarda ba. Ban taɓa roƙonka komai ba, ko alewarka ƙwata nake yi. Yau ina roƙo. Kada ka ba da ni aro.

Ƙanwarka.

*

Autar Inna,

Sallama. Kin ga abin da ya sa ba a haɗa ki da Likita, ku biyun sai ku tada gari.

Bari in gaya miki abin da ba ku gani. Da na zo nan, in na bi titi ko kare ba ya ɗaga kai. Yanzu direba yana tsayar da bas ya gaishe ni. Wanzami ya san makarantar da na fara koyarwa, wadda ni sunanta ya kwanta mini. Suna ɗauke da kayana, kuma ba sa nishi. Ni ma kafaɗata ta yi sauƙi. Da can nakan farka da wani dutse a ƙirji, yanzu na neme shi na rasa, ban ma san na mene ne ba. Labarin da aka rufe a ciki ai gara ce take gadonsa.

Amma na ji roƙonki, kuma na ɗauki alkawari. Ke ba ta aro ba ce.

Sai dai rijiyar ta yi ƙasa. Jiya na zauna gabansu na zura guga, ya fito da yashi. Kowa yana jira, ba mai shan shayinsa, ba mai ko ƙifta ido. Tsohuwar nan mai furanni, wadda ba ta da kowa a duniya, ta dafa hannuna ta ce ita ba ta taɓa sanin daɗin ɗan'uwa ba, ko ina da wani ɗan ƙaramin labari irin wannan? Na ce sai gobe. Ba ke zan ba su ba. Ranar haihuwarki kawai, yadda aka kore ni waje na leƙa ta taga. Wannan ai labarina ne, ke lokacin ba ki san komai ba.

Allah ya haɗa fuskokinmu.
Yayanki.

*

Yaya,

Kada ka faɗa. Ko na tagar. Na aiko wannan da gaggawa, Allah ya sa ta riga bakinka.

Auta.

*

Zuwa ga Hajiya,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya tare da iyalinki.

Takardarki ta iso, na gode ƙwarai, sai dai ban gane abin da kike so kada in faɗa ba. 'Yata ta ce ke 'yar'uwa ce ta kusa. Ki gafarce ni, tsufa ya zo, dangi kuma da yawa.

Na nuna takardar a shagona ko wani ya san ki. Wata tsohuwa mai sayar da furanni tana ganin rubutun ta rungume ta tana kuka. Ta ce in gaishe ki da kyau, in tambaye ki ko har yanzu kina shiga ƙarƙashin gado in an yi tsawa.

In kin taɓa biyowa ta nan, ki shigo bayan la'asar. Akwai kujera.

Wassalam,
Malamin shagon hira.