Na Amsa Tambayoyin 'Yata da Bakin Ƙawayena

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar, ban iya taƙaita magana ba.

Autata tana digiri na biyu a fannin gudanar da harkokin wasanni. Da ta fara, babanta yakan tsokane ta da cewa digirin ƙwallo take yi, gwaggonta kuwa har yau tambaya take yaushe za a ba ta usur. Ni ma ban gane ba sai da na riƙa zama kusa da ita tana karatu. Ashe ba gudu ake koya musu ba. Ana koya musu yadda ake tsara fili, da raba lokuta, da sanin ta wace ƙofa jama'a za su fita idan taro ya watse. Abin ya riƙa burge ni, har nakan tambaye ta fiye da yadda take so.

Binciken da take rubutawa a kan cibiyar motsa jiki ta unguwarmu ne. An ware wa mata lokacinsu, amma waɗanda suka haura shekara arba'in ba sa zuwa, ita kuma tana son sanin dalili. Ta raba takardun tambayoyi ɗari da sittin. Talatin ta ba ni, ta ce in kai wa matan da muke karatun Alƙur'ani tare ranar Asabar.

Sha ɗaya ne suka cike. Sauran sha taran, wata ta ce ta manta tabarau, wata ta kai gida ta dawo da ita fara fat, wata jikanta ya yi mata zane a kai. Auta kuma kullum sai ta tambaya. To ni Anti, shekara ashirin ke nan ina cike wa maƙwabta takardu, na asibiti, na makarantar yara, duk wanda ya zo. Ban taɓa ɗaukar hakan laifi ba, taimako ne. Sai na zauna a teburin cin abinci bayan la'asar, kwana uku, na cike sha taran da hannuna. Ban yi da ka ba. Kowace takarda sai na sa mace ɗaya a raina, na rubuta harafin farkon sunanta da fensir a baya, sannan in amsa yadda na san za ta amsa. Matan nan mun fi shekara goma tare. Wurin da aka tambayi dalilin rashin zuwa, yawancinsu na zaɓa musu cewa maigida ne bai yarda ba.

Makon jiya Auta ta dawo da murna. Ta ce malamar da ke duba aikinta ta yaba, sakamako ya nuna hanin mazaje ne babban dalili, da ɗan rinjaye kaɗan, kuma za a ba shugaban cibiyar shawarar ya kira magidanta taro. Muna cin abinci, cikin hira ta ce kowace takarda tamkar mutum ne ya tsaya ya ba da shaida. Da na ji kalmar shaida sai cokali ya tsaya mini a hannu. Na san abin da aka karantar da mu game da mai shaidar abin da bai gani ba.

Sai na fara bin matan ɗaya bayan ɗaya, kamar hira. Maƙwabciyata mai ɗinki, wadda na rubuta mijinta ya hana, dariya ta yi. Ta ce shi ne ma yake damunta ta je saboda gwiwarta, amma an sa lokacin mata ƙarfe goma na safe, lokacin da keken ɗinki ke ƙarƙashin ƙafarta. Wata, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, ta ce ta je sau ɗaya, ta tarar ƙofar ɗakin sauya kaya ba sakata, ba ta koma ba. Wata kuma ta ɗauka sai da wando irin na 'yan wasa ake shiga. Cikin bakwai da na tambaya, biyu kaɗai na dace. Har na je cibiyar da kaina don in gani. Wuri mai tsabta, da fankoki, da wasu kekuna da ake tuƙawa ba sa zuwa ko'ina. Ƙofar kuwa, ramukan kusoshi huɗu ne kawai a inda sakatar take.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda zan zauna da mutum shekara goma, na san sunayen jikokinta, amma ban san wannan ba.

Saura mako biyar ta tsaya gaban malamai ta kare aikin. Idan na faɗa mata, korar ta za a yi? Sha tara cikin ɗari da sittin suna canja wani abu, ko ni ce nake girmama abin? Na yi tunanin in karɓo amsoshin gaskiya in musanya takardun a ɗakinta ba tare da ta sani ba, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Babanta ma ban gaya masa ba.

Uwar Auta

Wa alaikumus salam Uwar Auta.

Ki gaya mata yau, kafin ki gama ninke jaridar nan in da hali. Mako biyar lokaci ne da za a iya gyara. Mako ɗaya ba lokaci ba ne.

Kin tambaya ko sha tara suna canja wani abu. Ke da kanki kin ce rinjayen kaɗan ne, kuma yawancin naki ɓangare ɗaya suka faɗa. Mai yiwuwa su ne suka karkatar da sakamakon gaba ɗaya. In haka ne, za a tara mazajen mutane a yi musu wa'azi kan laifin da ba su yi ba, ƙofa kuma ta ci gaba da zama ba sakata.

Maganar musanya takardu a ɓoye, ki bar ta. An riga an shigar da amsoshin cikin na'ura, canja takarda ba zai canja lissafi ba. Na farkon kuskure ne da kyakkyawar niyya. Na biyun da saninki za ki yi shi, kuma ke ba mai iya ɗaukar wannan ba ce.

Ban ɗora miki laifin duka ba. Cike wa mutum takarda ba aibi ba ne, masu bincike ma suna yi: a karanta wa mutum tambaya, a rubuta abin da ya fito daga bakinsa. Inda kika kauce shi ne bakin naki ne. Auta kuma tana da nata kason. Ita ce ɗalibar, ita aka koya wa ƙa'ida. Ta miƙa miki takardu talatin ba bayani, ta karɓi sha tara da rubutun mahaifiyarta ba ta lura ba. Kada ki fara da wannan, amma in ta huce za ta gani da kanta.

Za ta yi fushi, wataƙila ta yi kuka. Ki bar ta ta yi, kada ki tsaya kare kanki. Ki nuna mata alamar fensir ɗin, domin ita ce za ta ba ta damar ware sha taran daga sauran. Daga nan aikin nata ne: ta je wurin malamarta da kanta ta faɗi abin da ya faru, a rubuce. Ban san dokar makarantarsu ba, don haka ba zan yi miki alkawari ba. Amma a abin da na saba gani, ɗalibin da ya kawo kuskurensa da ƙafarsa kafin ranar karewa gyara ake sa shi, ko a ɗaga masa rana. Wanda aka kama ya ɓoye shi ne ke shiga uku. Malamar ce za ta yanke ko a cire takardun ko a sake tambayar matan. In an ce a sake, Auta ta zo ajinku da kanta, ta zauna da kowace ita kaɗai, ke kuma ki jira a waje.

Abin da kika jiyo daga mata bakwai ɗin ki ba ta labari, amma kada ya shiga kundin sai ta ji da kunnenta. Babanta kuma ku gaya masa tare, bayan ta ga malamar.

Ki nemi yafiyar matan da kika ari bakinsu, musamman mai ɗinkin, tunda mijinta aka yi wa ƙage. Ina zaton za su yi miki dariya su yafe.

Allah ya sassauta miki faɗar, ya sanyaya zuciyar yarinyar, ya sa ta fito daga gaban malamanta da aikin da za ta iya rantsuwa a kansa.